Yadda ake auna littafin soyayyar maza biyu na wannan zamani

Tambaya: Ina karatun adabin Ingilishi, kuma an ba mu aikin rubuta sharhi a kan wani sabon littafin soyayya na Amurka mai shafi 300. Taurarinsa maza biyu ne: likitan dabbobi a wani ƙaramin gari, da lauyan da ya dawo daga babban birni don ya sayar da gidan mahaifinsa da ya rasu. Babi ɗaya wannan ke ba da labari, babi na gaba wancan. Rabin farko ya riƙe ni sosai, amma can wajen ƙarshe suka rabu saboda likitan ya ji rabin wata maganar waya ya yi mata mummunar fassara, daga baya suka shirya, aka rufe da ɗaurin aure. Na ji a jikina akwai abin da bai zauna ba, amma na rasa yadda zan faɗe shi. Me ake dubawa a irin wannan littafi? Kuma ƙarewa da farin ciki rauni ne?

Amsa: Malama, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a nan masu sharhi da yawa ke tuntuɓe. Ƙarewa da farin ciki ba rauni ba ne a littafin soyayya, sharaɗin fannin ne. Ƙungiyar marubuta littattafan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe da tsayar da abu biyu da sai da su littafi ke shiga wannan rukuni: soyayyar ta zama ita ce ginshiƙin labari, sannan ƙarshen ya kwantar wa mai karatu da hankali game da makomar masoyan. Wanda ya ɗauki littafin ya san za su shirya tun kafin ya buɗe shafin farko. Abin da ya biya kuɗi ya gani shi ne ta yaya za a kai ga hakan. Saboda haka idan kika rubuta cewa ana hango ƙarshen tun daga nesa, ba ki soki littafin ba, rukuninsa kawai kika bayyana.

A littafin maza biyu kuwa wannan ƙarshen yana ɗauke da nauyin tarihi. Na tsawon lokaci a adabin Turai da Amurka, labarin irin waɗannan masoya da mutuwa yake ƙarewa, ko rabuwa, ko tonon silili. Marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta littafinsa Maurice, labarin soyayyar maza biyu, tsakanin 1913 da 1914, ya dage a kan masoyan su tsira tare, kuma bai yarda a buga shi yana raye ba. Ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971. Sai a 1967 dokar Ingila da Wales ta daina hukunta mu'amalar maza biyu da suka kai shekara 21 idan a keɓe take. Daga 1981 kuma cutar ƙanjamau ta mamaye rubuce-rubucen shekarun da suka biyo baya, inda labarai da yawa ke bi ta asibiti. Masu karanta littattafan yanzu sun san wannan, shi ya sa suke ɗaukar ƙarshe mai daɗi a matsayin alkawarin da ba a saɓawa. Mai sharhi na iya cewa marubuci bai yi aikin da zai sa a yarda da ƙarshen ba. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma ita ce ta shafi littafinki.

Abin da za ki fara tambayar kanki shi ne: mene ne ya hana waɗannan mutum biyu zama tare tun daga shafi na 30? Duk ƙarfin littafin soyayya da rauninsa daga amsar nan suke fitowa. A da marubucin irin wannan labari ba ya shan wahalar neman cikas, doka da jama'a sun tanadar masa. Amma Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohin da ke hukunta luwaɗi a 2003, sannan a ranar 26 ga Yuni 2015 ta yanke cewa auren jinsi halal ne a faɗin ƙasar. Littafin da aka gina a Amurkar yau ba zai iya jingina da doka ba. Iyaye da maƙwabta da wurin aiki har yanzu suna iya zama cikas, musamman a ƙaramin gari, amma dole marubuci ya nuna su a aikace: wane ne zai juya baya, me za a rasa, nawa ne kuɗin. In bai nuna ba, to cikas ɗin dole ya fito daga halin mutanen biyu da irin rayuwar da kowannensu ya gina.

Yanzu duba abin da marubucinki ke riƙe da shi a hannu. Likitan dabbobi ba ya ɗaukar aikinsa ya sa a jaka. Asibitinsa a garin yake, wataƙila da bashin banki a kansa, masu garken da ke kiransa cikin dare idan saniya ta kasa haihuwa a garin suke. Lauya kuma lasisinsa na jiha ne, abokan hulɗarsa da matakin da yake hari a ofishinsu suna birni, kuma ya zo garin ne musamman don ya yanke igiyar ƙarshe da ta ɗaure shi da wurin. Ga cikas nan tsayayye: wani sai ya bar abin da ya shekara yana ginawa. Ga kuma mamacin, uban da ba a gama magana da shi ba. Da wannan kaɗai ana iya gina rabuwar da za ta girgiza mai karatu. A ce mai saye ya kawo tayi mai kyau, ya ba da wa'adi zuwa Juma'a. Lauyan ya zauna a ɗakin girkin mahaifinsa da takardun a gabansa, likitan ya shigo da takalmansa duk taɓo, ya ga alƙalami a kan takarda, bai ce kada ka sa hannu ba domin ya san ba shi da hurumin faɗa, shi ma lauyan bai ce ka biyo ni ba domin ya san amsar. Babu wanda ya yi kuskure, babu wanda ya ji rabin magana, amma sun rabu. Marubucinki ya ajiye wannan ya ɗauko maganar waya. Abin da kika ji bai zauna ba ke nan.

Akwai gwaji mai sauƙi da editoci ke yi wa irin wannan wuri. Idan hira ta minti biyar tsakanin masoyan za ta warware matsalar, to ba matsala ba ce, jinkiri ne aka ƙirƙiro don cika shafi. Rashin fahimta yana aiki ne kawai idan an riga an dasa dalilinsa. Da a ce tun babi na huɗu an nuna mana cewa wani ya taɓa barin likitan ba sallama ya koma birni, kuma mun gan shi sau biyu ko uku yana tsarguwa da duk wayar da lauyan ya fita waje ya amsa, da mun ce ruwa ba ya tsami banza, tsohon miki ne aka fama. Koma baya ki nemi wannan dashen. In kin same shi, ki sassauta sukar. In babu, ki faɗa kai tsaye cewa rabuwar daga waje aka liƙa ta, ba daga halin taurarin ta tsiro ba.

Don ki kafa hujja da shafi, ɗauki fensir ki yi alama a wurare biyar. A littafi mai shafi 300, haɗuwar farko kan zo kafin shafi na 30. Wajen shafi na 75 ya kamata wani abu ya tilasta musu zama kusa da juna, a nan gyaran gidan ko karen da mamacin ya bari. Kusa da shafi na 150 dangantakar kan sauya mataki, a daina wasan ɓuya. Rabuwa kan faɗo tsakanin shafi na 225 da 250, sauran kuma na gyara ne da rufewa. Wannan ba doka ba ce, tsari ne da yawancin littattafan fannin ke bi, amma yana nuna inda ciwo yake. Ciwon da aka fi samu shi ne tsakanin 150 da 225: masoya sun amince da juna da wuri, marubuci ya rasa abin yi, sai a yi ta cin abinci tare, ana yawo da kare, ana maimaita cewa kowa na tsoron abin da zai faru. Idan za ki iya cire babi uku a wannan tsakanin ba tare da labarin ya ji a jikinsa ba, rubuta lambobinsu a sharhinki. Haka nan ki ƙirga shafukan da ke tsakanin rabuwa da shiri. In ba su wuce goma ba, babu lokacin da wani zai canza, an yi haƙuri ne kawai don littafi ya ƙare.

Akwai dalilin kasuwa a bayan wannan kumburin tsakiya, kuma ambatonsa zai ƙara wa sharhinki daraja. Fannin ya bunƙasa ne da littafin lantarki bayan fitowar Kindle, na'urar karanta littafi ta kamfanin Amazon, a 2007, lokacin da ƙananan kamfanonin ɗab'i da marubuta masu buga wa kansu suka sami hanyar kai wa ga masu karatu ba tare da kantin littattafai ba. A 2014 Amazon ta buɗe Kindle Unlimited, tsarin da mai karatu ke biyan kuɗin wata ya karanta littattafan da ke ciki iya son ransa, kuma daga 2015 ta koma biyan marubuta gwargwadon shafukan da aka karanta. Marubucin da ke wannan tsari yana da riba a tsawo da kuma yawan fitarwa, wasu kan fitar da littafi uku ko huɗu a shekara. Sakamakon sai ya bayyana a shafi: tsakiya mai jan ƙafa, gyara na gaggawa, da wani ƙani ko aboki da aka ba babi guda ba don komai ba sai don shi ne tauraron littafi na gaba a jerin. Duba bangon ki ga wane ne ya buga naki kafin ki ɗora masa wannan.

Sai muryoyin biyu, inda littafin da ya yi kyau ke nuna gwanintarsa. Rabon babi tsakanin taurari yana ba mai karatu abin da kowannensu bai sani ba: muna jin lauyan yana ganin an yi masa shiru don an raina shi, babi na gaba mu tarar likitan kunya ce ta ɗaure masa harshe. Wannan tazara ita ce daɗin karatun, kuma ina zaton ita ce ta riƙe ki a rabin farko. Gwajinta shi ne ki buɗe littafin a tsakiyar wani babi, ki rufe sunan da ke sama, ki karanta sakin layi biyu. Kin gane mai magana? Mutum biyu da suka shiga ɗaki ɗaya ba abu ɗaya suke gani ba. Likitan zai lura karen na ɗingisa ƙafar baya ta hagu, ya ji warin ɓera a bayan kabad. Lauyan zai ga tsagar bango da za ta rage farashi, da tarin wasiƙun haraji da ba a buɗe ba. Idan dukansu biyu suna barkwanci iri ɗaya, suna kwatanta idon juna da kalmomi iri ɗaya, to murya ɗaya ce aka raba mata suna biyu, kuma wannan rauni ne babba ko da zancen na da daɗi.

Akwai wata matsala ta jimla da ta keɓanta da wannan fanni. Duba wannan: ya kalle shi ya ce masa ya ɗauki jakarsa. Wa ya kalli wa, jakar wa? Da namiji da mace ne, lamirin zai raba gardama. Da maza biyu, kowane layi na iya rikicewa. Marubuci mara ƙwarewa kan gudu zuwa laƙabi, sai ki ga dogon, mai jan gashin, lauyan, ƙaramin cikinsu, har a shafin da suka fi kusanci da juna, alhali babu mai tunanin masoyinsa da sunan sana'arsa. Gwani kan maimaita suna ba tare da jin nauyi ba, ko ya bar mutum ɗaya ya riƙe sakin layi guda, ko ya ba da labarin da bakin tauraron, ni da shi, salon da ya yi yawa a fannin. Ɗauki shafi biyu na wata fitowa mai motsi ki ƙirga sau nawa kika koma baya don gane mai aiki.

Wani abin dubawa, wanda muhawara ta fi zafi a kansa, shi ne ko taurarin sun yi kama da mazan da suka rayu wannan rayuwa. Sananne ne cewa mata ne ke rubuta kaso mai yawa na waɗannan littattafai, su ne kuma ke karanta su da yawa, kuma fannin ya gaji abubuwa daga labaran da masoya shirye-shiryen talabijin ke rubutawa tun shekarun 1970, inda suke haɗa taurari maza biyu. A 2015 aka fara wani kamfe a Twitter na fifita marubutan da ke rubutu a kan jama'arsu, daga baya wasu suka janye daga gare shi ganin yana tilasta wa marubuta bayyana sirrin rayuwarsu. Shawarata ita ce kada ki gina sukarki a kan jinsin marubuci, ki gina ta a kan shafi. Shin an mai da ɗaya ƙarami, mai rauni, mai yawan kuka, ɗayan kuma ƙato mai ba da umarni, wato an ɗauko tsohon ƙirar miji da mata an sauya suna kawai? Shin likitan, a ƙaramin gari, yana da tarihin yadda ya zauna da mutanensa, wa ya sani, wa ke yin kamar bai sani ba, a gaban wa yake sakin jiki? Mutumin da ya girma yana auna kowane ɗaki kafin ya yi magana yana da wata ɗabi'a da ba ta ɓacewa, kuma marubucin da ya lura zai nuna ta a ƙaramin abu, kamar hannun da aka janye da aka ji ƙarar mota a waje. Amma ki yi hattara da wuce gona da iri: ba dole ne kowane littafi ya zama labarin wahala ba. Wasu marubutan da gangan suke gina garin da babu mai tsangwama, don masu karatunsu hutu suke nema. Wannan zaɓi ne. Ya zama rauni ne kawai idan littafin ya ce garin na da haɗari a babi na biyu, sannan kowa ya yi tafi a babi na ƙarshe ba tare da an ga abin da ya sauya su ba.

Idan akwai wanda ke ɓoye cewa maza yake so a labarin, duba wa ke riƙe da lokacin bayyanawa. Littattafai da dama kan sa wani ya tona asirin tauraro don a sami tashin hankali wajen ƙarshen labari, ko masoyin ya ba shi wa'adi, ka faɗa wa danginka ko mu rabu, kuma labarin ya goyi bayan mai wa'adin. Masu karatun fannin suna sukar wannan sosai, domin yana mai da abu mai hatsari a rayuwar mutum kayan ado na labari. Littafin da ya yi kyau yakan bar wa mutumin zaɓinsa, ya kuma nuna abin da zaɓin ya ci masa.

Matan da ke labarin ma ki dube su. Sau da yawa biyu ne: ƙawa mai surutu da ba ta da aiki sai tura tauraro ga masoyinsa, da tsohuwar budurwa ko mata da aka mai da muguwa don a wanke shi. In naki ya ba su rayuwar kansu, ki rubuta shi cikin ƙarfinsa.

Fitowar kusanci ta jiki kuma ba da yawanta ko ƙarancinta ake auna ta ba. Fannin na da masu rufe ƙofa su tsallaka zuwa safiya, da masu bayyanawa, kuma kowanne da masu karatunsa, don haka abin da ake so daga mai sharhi shi ne ya sanar da wane iri ne. Ma'aunin adabi ɗaya ne da na kowace fitowa: bayan ta wuce, me ya sauya tsakaninsu? Wani ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ko ya gano wani tsoro? In ta uku da ta huɗu ba su ƙara komai a kan ta farko ba, cikon shafi ne.

Game da auren da aka rufe da shi, ki tambaya ko ya amsa tambayar littafin. Tun 2015 babin rufewa mai ɗaurin aure ya zama ruwan dare, kuma ga masu karatu da yawa yana da ma'ana domin abu ne da bai yiwuwa a da. Amma tambayar littafinki ba za su yi aure ba ce, a ina za su zauna ce, kuma wa ya bar me. Idan babin ƙarshe ya nuna fure da rawa bai gaya mana ko an sayar da gidan ba, ko lauyan ya nemi lasisin jihar, ko likitan ya ɗauki abokin aiki don ya sami sararin tafiya, to an rufe ƙofa ne an bar taga a buɗe.

Wajen rubutawa, fara da sakin layi ɗaya na labarin ba tare da tona abin da ya wuce rabi ba, ko ki yi gargaɗi kafin ki tona. Sannan ki faɗi abin da littafin ya yi alkawari, ki kawo ƙarfinsa da misali daga shafi, layin hira ɗaya ko abu ɗaya da tauraro ya lura da shi, kafin ki zo kan rabuwar. A wurin rabuwar ki ajiye abu biyu gefe da gefe: cikas ɗin da marubucin ya gina a shafi 150 na farko, wato gari da birni da uban da ya rasu, da wanda ya yi amfani da shi a ƙarshe, wato rabin maganar waya, tare da lambar shafin kowanne.